Shekarar da Na Shafa wa Rairayi Kore

Jikokina da abokansu masu karatun safiyo, wato awon ƙasa, sukan zauna a zaurena nan unguwar Kwararafa a Jos su ce wai aikin da na shafe shekara talatin ina yi ba komai ba ne, tarawa ne da rabawa, yanzu ma na'ura ke yin sa kafin mutum ya ƙifta ido. Ba na musu da su a kan na'ura. Abin da nake ce musu shi ne, duk mai ganin fitar da matsakaici wasa ne, ya zo in haɗa masa ruwan wanka da sanyin safiyar Jos, sannan mu yi magana. Sai su yi ta dariya, don ba su san inda zancen ya samo asali ba. To ga shi na rubuta muku, ku karanta ku ƙyale ni in huta.

Na shiga ofishin binciken ƙasa a farkon shekarun hamsin, kafin a ba mu mulkin kai. Mahaifina tela ne, ya zo Jos tun ana tururuwar haƙar kuza, yana ɗinka wa leburori riguna. So ya yi in gaji keken ɗinki, amma na fito makarantar Midil da kan lissafi, shi ya sa aka ɗauke ni ƙaramin akawu. Ofishin ɗaki uku ne da rufin kwano. Shugabanmu wani Bature ne da muke kira Mai Lofe, don ko magana yake yi lofen na bakinsa. A ƙarƙashinsa akwai babban akawu, Oga Lasisi, Bayarabe ɗan Ogbomosho, wanda ya fi shekara ashirin a Jos. Shi ya koya mini aiki, kuma bai koya mini da lallashi ba.

Wata ukun farko ban taɓa lissafi ba. Fiƙe fensir nake yi, da wanke alƙaluman tawada, da ƙirga gidaje. Muna da wata takarda mai shara-shara da aka zana wa ƙananan gidaje kamar dara. Sai ka shimfiɗa ta a kan taswira, ka ƙirga gida nawa kowane yanki ya cinye, da haka ake sanin faɗinsa. Gidan da layi ya ratsa, in ya fi rabi ka ƙirga shi, in bai kai ba ka bar shi. Oga Lasisi yakan sa ni ƙirga yanki ɗaya sau uku, in amsoshin suka saɓa ya ce in koma. Akwai injin lissafi guda ɗaya mai mariƙi da ake murɗawa, yana rufe shi da ƙyalle kamar sabuwar tasa, kuma sai da na shekara kafin ya yarda in ɗora masa yatsa.

Ga yadda aikin yake, ku da kuke cewa tarawa ne. Leburori za su je fili su haƙa ramuka, zurfin kowanne ya kai gwiwar mutum ko fiye. In ka leƙa ramin za ka ga ƙasa hawa-hawa ce: baƙa a sama, ja a ƙarƙashinta, can ƙasa marmara ko yumɓu ko tsakuwa. Ana auna kaurin kowane hawa da inci, a ɗebo ƙasarsa a ƙaramar jakar zane, a kai ɗakin gwaji. Masu gwaji su duba tsaminta da abincin shukar da ke cikinta, Mai Lofe ya haɗa ya ba ta maki, daga ɗaya zuwa goma. Aikinmu shi ne mu mai da tarin makin nan lamba ɗaya tak ga kowane yanki, mu shafa masa launi a taswira. Biyar zuwa sama kore, wato a yi noma. Ƙasa da huɗu ja, wato ba ta da amfani sai dai a dasa itatuwa. Tsakaninsu rawaya, sai da taki. Malaman gona da na gandun daji da na En'e, wato hukumar gargajiya, duk wurinmu suke zuwa, kuma babu mai tambayar yadda aka yi, launi kawai suke dubawa su yanke hukunci.

Ramin farko da aka ba ni in lissafa hawa biyu gare shi. Na sama inci huɗu, maki takwas. Na ƙasa inci ashirin, maki biyu. Na ce wannan ai ko ɗan firamare ya yi: takwas da biyu goma, a raba biyu, biyar, kore. Na kai wa Oga Lasisi ina taƙama. Ya dubi takardar, ya dube ni. Ya kira masinja ya ce ya kawo bokitin ruwan da ya kwana a waje da butar shayin Bature da ke tafasa. Ya tsiyaya kofi ɗaya na tafasasshen ruwan, ya juye a bokitin.

"Sabo," ya ce, "zafi ɗaya, sanyi ɗaya. A lissafinka ruwa ya yi ɗumi ko? Oya, sa hannu."

Na tsoma hannu. Sanyin har cikin haƙorana.

"Wannan da ka yi, sunansa matsakaicin rago," in ji shi. "Saiwar dawa ba ta tsaya a inci huɗu. Ka ba kowane hawa nauyinsa, kafin in sa ka wanka da shi."

Na koma na ninka kowane maki da kaurin hawansa: huɗu sau takwas talatin da biyu, ashirin sau biyu arba'in, jimla saba'in da biyu, a raba da inci ashirin da huɗu. Amsa uku. Abin da na kira kore ashe ja ne. Daga ranar na gane cewa lamba ba ta zuwa ita kaɗai, sai ka tambaye ta girman abin da take wakilta. Haka kuma ake yi idan an zo haɗa ramukan yanki: kowane rami a ninka makinsa da faɗin filin da yake tsaye a madadinsa. Na ɗauka darasin ya zauna mini daram, ashe rabinsa kawai na riƙe.

Aikin da ya kama ni kuwa, a shekarata ta huɗu ya zo. Akwai wani fili a kudu da gari da wani kamfanin kuza ya gama cinyewa ya tashi. An cike kududdufan, an baje tulin ƙasar da katafila, aka ce za a mayar wa masu shi na asali. Mutanen gida goma sha wani abu ne, babbansu wani dattijo Baba Gyang. Tun da aka karɓe filin nasu shekaru da suka wuce, suka koma gefen wani dutse suna noma 'yan gonaki da suka kange da ƙerana, acha da tamba da ɗan rizga. Sharaɗin hukuma shi ne, in taswira ta nuna filin da aka gyara ya nomu, to sun sami madadi, gonakin gefen dutse kuma za su koma hannun masu gandun daji a dasa itacen turare. An ba su damina ɗaya su riƙe duka biyun, daga nan su saki na dutse har abada.

Lokacin Oga Lasisi ya tafi gida hutu. Malamin da ke bin leburori fili yana zana inda aka haƙa kowane rami shi ma yana kwance asibiti, don haka helman leburori, wato shugabansu, shi kaɗai ya ja su. Littafin fili ya iso mini da ramuka goma sha biyu, kowanne da kaurin hawansa tsaf, amma babu zanen da ke nuna wuraren da suke. Mai Lofe kuwa kullum sai ya leƙo ya ce taswira kafin ruwan farko. A ƙa'ida ana jera ramuka ne daidai wa daida, kowanne ya wakilci fili kwatankwacin na ɗan'uwansa, sai na ce a raina ai haka aka yi. Na auna kowane rami da kaurinsa, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Tara suka ba da maki bakwai, uku suka ba da ɗaya. Na tara, na raba da goma sha biyu, biyar da rabi. Na ɗauki buroshi na shafa kore mai kyau, ko ɗigo bai fita layi ba, na sa hannu a ƙasa. Shi ne karo na farko da sunana ya hau taswira, har na nuna wa mahaifina. Mai Lofe ya yaba, ya sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas Zariya. Sauri dai ya haifi nawa.

Wajen ƙarshen damina, wata safiya, wani tsoho ya shigo ofis da ƙafarsa, ya sha tafiya, laka har gwiwa. Baba Gyang ne. Yana riƙe da dami biyu na acha. Ɗaya ya kai kamu uku da kai cike, ɗayan kuwa bai fi tsawon yatsa ba, ja-ja, babu ƙwaya. Ya ajiye su a kan teburina, a kan takardu, bai nemi izini ba.

"Wane ne akawu da ya rubuta ƙasa na yana da kyau?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ni ne."

"To, Malam, ga ƙasa naka. Wannan na bakin hanya. Wannan na sauran duka. Iri da muka ajiye, mun zuba shi a ciki, ya tafi. Yanzu an ce mu bar dutse. Yara za su ci takarda?"

Mai Lofe ya fito ya saurara. Da Hausarsa ta littafi ya ce ruwa ya yi yawa bana, kuma sabuwar ƙasa tana son haƙuri, an gwada ta an ga tana da kyau, lissafi ba ya ƙarya. Tsohon ya juya ya fita, ya bar mana damunansa. Oga Lasisi, wanda ya dawo tun tuni, ya ɗauki ƙaramin damin yana juyawa, sannan ya ce in kawo masa zanen ramuka. Na ce babu. Ya ce to da me na ba su nauyi? Nan na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata.

Ranar Asabar na hau keke na bi ta Laranto na ɗauki helman a gidansa, muka tafi filin. Gani ya kori ji. Gefen hanyar mota akwai wani ziri da katafila ta tura tsohuwar ƙasar sama ta tara, baƙa mai laushi, har da 'yan itatuwa masu inuwa. Ramuka tara duk a nan suke, a jere, kusan suna gaisawa. Daga nan har inda ido ya tsaya farin rairayin wankin kuza ne da tsakuwa, ya daskare, ramuka uku kawai a cikinsa. Na tambayi helma dalili.

Ya ce, "Malam, rami goma sha biyu aka ce, ba a ce ina ba. Can diga ba ta shiga, sai da muka karya ƙota biyu a kan ukun nan. Nan kuwa mota ta sauke mu, ga laushi, ga inuwa. Ka ƙirga, goma sha biyu ne cif."

Ban ga laifinsa ba, umarnin da aka ba shi ya cika. Ni ne aka koya wa tambaya, ban yi ba.

Da na faɗa wa Oga Lasisi, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "An buga taswira, an aika Kaduna. In ka yi shiru babu mai sani, za ka tafi kwas naka. In ka buɗe baki, sunanka ne a ƙasa, ba nawa ba, ba na Bature ba. Nan da mako shida masu gandun daji za su shiga dutse. Ka zaɓa."

Na ce, "Oga, a ara mini sarƙar awo da kamfas."

Ya ɗan murmusa, ya ciro mabuɗin sito daga aljihu ya miƙo mini.

Ba a ba ni leburori ba, don a takarda aikin ya riga ya ƙare. 'Ya'yan Baba Gyang biyu, magidanta, su suka riƙa ja mini sarƙa duk Asabar da Lahadi. Da farko ko gaisuwata ba sa amsawa sosai, kuma suna da gaskiya. Muka zagaye zirin bakin hanya, muka zagaye rairayin, ina rubuta kowace kusurwa. Na ce sai an ƙara ramuka a cikin rairayin, don kada a ce uku sun yi kaɗan. Mu uku muka haƙa shida, ni da ban taɓa riƙe diga ba. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, ranar Litinin ko fensir da ƙyar nake riƙewa. Wata rana ƙanƙara ta same mu a tsakiyar fili, babu wurin fakewa, na cusa littafin cikin riga na duƙa a kansa har ta wuce. Wani abokina a ɗakin gwaji ya gwada mini sabuwar ƙasar a lokacin hutunsa, duk shidan suka ba da maki ɗaya, kamar 'yan'uwansu.

Sannan na zauna na shimfiɗa takarda mai gidaje a kan sabon zanen, na ƙirga sau uku kamar yadda aka hore ni. In aka kasa filin goma, kashi biyu ne ƙasar kirki, takwas rairayi. Biyu sau bakwai goma sha huɗu, takwas sau ɗaya takwas, jimla ashirin da biyu, a raba da goma. Biyu da 'yar ɗoriya. Ja ne wur, ko kusa da rawaya bai je ba. Na zana sabuwar taswira, na ware zirin na bar masa korensa, don haƙƙinsa ne, sauran na shafe shi da ja. Oga Lasisi ya bi lissafin da injinsa tun daga farko har ƙarshe, ya ce babu gyara.

Saura kwana tara masu gandun daji su shiga dutse na ƙwanƙwasa ƙofar Mai Lofe. Na shimfiɗa masa taswira biyu. Ya duba, fuskarsa ta yi ja, ya ce ba a janye taswirar da aka buga saboda tsoho ɗaya ya yi kuka, kuma ramuka goma sha biyu sun isa shaida a ko'ina. Na yi bayani da lamba, ya kaɗa hannu. Na ga magana ba za ta kai ni ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyu." Na fita na ɗauko bokitin ruwan sanyi da kaina, na ɗauki butarsa daga kan risho. A wancan zamanin kuwa akawu bai isa ya taɓa butar Bature ba. Na auna cokali tara na ruwan zafi ina ƙirgawa da ƙarfi, na zuba. Na ce, "Tara na zafi, ranka ya daɗe, ga kuma bokiti. A taswirar farko na ce ruwan nan ya yi wanka."

Ya daɗe yana kallon bokitin. Ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya tsoma yatsa biyu, ya yarfe.

"Wane ne ya sa hannu a ta farko?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka san abin da zan rubuta a kanka?"

"Na sani."

Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. A ranar ya rubuta wasiƙa aka janye taswirar, aka dakatar da masu gandun daji. Daga baya rairayin aka dasa wa itacen turare, gonakin dutse suka tsaya a hannun masu su, aka ƙara musu da zirin bakin hanya. A wasiƙar ya rubuta cewa kuskuren ƙaramin akawu ne, kuma bai yi ƙarya ba. Aka soke sunana daga kwas, aka mai da ni teburin ƙirga gidaje shekara guda cur. Wanda aka tura a madadina ya dawo ya zama ogana, na yi shekara bakwai ina ce masa yallaɓai. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ciwona bai kai na mutanen da suka zuba irinsu a rairayi ba. A shekarar, matan gidajen nan dakon kuza suka shiga a kansu don a samu abin sa wa a baki, kuma babu jar tawadar da ta dawo musu da daminar da ta wuce.

Ni na kai wa Baba Gyang labari da kaina, na tafi da sabuwar taswirar a naɗe. Na same shi a gefen dutse yana gyaran shingen ƙerana. Na shimfiɗa ta a kan wani falalen dutse, na danne kusurwoyin da tsakuwa, na nuna masa jan, na nuna masa koren, na shiga yi masa bayanin kashi biyu da kashi takwas. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Kwana nawa ka yi kafin ka san wannan?"

Na ce, "Mako biyar, Baba, ban da na farko."

Ya girgiza kai. "Ni rana ɗaya. Ranar da na sa fartanya a wurin, ƙasa ya faɗa mini ya mutu. Tun kafin mu shuka na sani."

Na ce, "Haba Baba, to me ya hana ka faɗa tun lokacin?"

Ya dube ni, ba da fushi ba.

"Wa ya tambaye ni? An ce takarda ya ce yana da kyau."

Na naɗe taswirata na kamo hanyar gida. Daga ranar har na yi ritaya, ban sake yarda na raba wata lamba ba sai na ga zanen ramuka da idona, kuma ban sake shafa kore a kan fili ba sai na je na sami mai noma kusa da shi na gaishe shi na tambaye shi. An sha yi mini tsiya a ofis, wai Malam Sabo ba ya gama taswira sai ya sha kunu a ƙauye. Na ce na ji, a bar ni da kununa.

Don haka ku danna na'urarku, za ta ba ku amsa, kuma ba za ta yi kuskuren tarawa ba. Ni ma ban yi kuskuren tarawa ba a shekarar nan, kowace lamba daidai take. Kafin ku danna dai, ku tambaya a ina aka haƙa ramin, kuma wa zai shuka irinsa a kan launin da za ku shafa. Ƙaramin damin achan nan na Baba Gyang yana nan a akwatina, ya bushe ya zama kamar tsintsiya. Duk wanda bai gamsu ba a cikinku, ya zo in nuna masa yadda biyar da rabi take.